Nana Asma'u 'Yar Shehu: Wace Fuska Za Mu Zana Mata?

A 'yan shekarun nan an samu yawaitar zane-zanen fitattun mata baƙar fata, a cikin littattafan yara da kalandu da bangon mujallu da shafukan Facebook da Instagram. Masu wannan aiki, daga Amurka da Ingila har zuwa Legas da Dakar, manufarsu ɗaya ce, wato yarinya baƙa ta buɗe littafi ta ga mai kama da ita a cikin waɗanda tarihi ke alfahari da su. A shekarar 2013 hukumar UNESCO ta ƙaddamar da jerin labaran matan Afirka cikin zane, inda aka fito da irin su Yennenga ta ƙasar Mosi da Sarauniya Njinga ta Angola da Funmilayo Ransome-Kuti ta Abeokuta. A nan gida ma abin ba baƙo ba ne. Tun a 1975 aka buga kan sarki mai ɗauke da zanen Sarauniya Amina ta Zazzau, a 2007 kuma hoton Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane, ya hau bayan takardar naira ashirin. Yanzu layi ya zo kan Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, domin kuwa duk wanda ya nemi sunanta a intanet zai tarar da fuskoki iri-iri, kowace ana cewa ita ce.

Gaskiyar magana ita ce, babu wani hoto ko zane na fuskar Nana Asma'u da aka yi a zamaninta wanda ya iso gare mu. Duk abin da muke gani ƙirƙira ce ta mai zane. Wani ya yi mata fatar Balarabiya, wani ya sanya mata hijabi irin wanda bai yaɗu a ƙasar Hausa ba sai a ƙarshen ƙarni na 20, wani kuma ya zaunar da ita ita kaɗai a cikin ɗakin littattafai kamar wata farfesa mai jiran ɗalibai. Batun hukuncin zanen mai rai fage ne na malaman fiƙihu, na bar musu. Tambayata ta mai nazarin harshe ce. Idan har za mu nuna wa 'ya'yanmu wannan baiwar Allah, mene ne ya wajaba su gani? Ra'ayina shi ne, Nana Asma'u ta riga ta bar mana kamanninta a wurare uku: a harsunan da ta zaɓa ta yi rubutu da su, a matan da ta tura ƙauyuka, da kuma matan da ta ga sun cancanci a rubuta sunayensu. Bari mu bi rayuwarta mu gani.

Daga Ɗegel zuwa Gudu

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel, cikin ƙasar Gobir, a shekarar 1793. Tagwaye aka haife su ita da ɗan'uwanta Hassan. A bisa al'ada da an kira ta Hussaina, amma mahaifinta ya raɗa mata suna Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar, wadda tarihin Musulunci ya san ta da kai wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, guzuri a lokacin hijira. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun Asma'u tana ƙarama ƙwarai, saboda haka sauran matan Shehu ne suka raine ta, cikinsu har da Hauwa'u, wadda aka fi sani da Inna Garka, mahaifiyar Muhammadu Bello.

Ɗegel na wancan lokaci ƙauye ne na malamai Toronkawa, inda karatu yake sana'ar gida ga maza da mata. Shehu da kansa, a cikin littafinsa Nurul Albab, ya soki malaman da ke tara almajirai a waje suna koyar da su, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci. Bai tsaya ga faɗa da baki ba. 'Ya'yansa mata irin su Khadija da Faɗima da Asma'u da Maryamu duk sun yi karatu mai zurfi. A wannan gida Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihun Malikiyya da nahawu da tauhidi da tasawwufin Ƙadiriyya.

Akwai wani abu da ya faru tana yarinya wanda ya kamata masu zane su sani. A ƙarshen shekarun 1790 Sarkin Gobir Nafata ya kafa dokar hana mazan jama'ar Shehu naɗa rawani, ya kuma hana matansu yafa mayafi. Ke nan tun Asma'u ba ta kai shekara goma ba ta ga yadda sutura ke zama alamar ko kai wane ne, har mai mulki ya ji tsoronta. Wannan darasi bai ɓace mata ba, kamar yadda za mu gani nan gaba.

A watan Fabrairu na 1804, a zamanin Sarkin Gobir Yunfa, jama'a ta yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. Asma'u tana da shekara goma sha ɗaya a lokacin. Ta rayu cikin shekarun da aka yi nasarar Tafkin Kwatto a tsakiyar 1804, da mummunar asarar Tsuntsuwa a ƙarshen shekarar, inda ake ruwaito cewa mahaddata Alƙur'ani kimanin 200 ne suka kwanta dama, da samun matsuguni a Gwandu da wahalar Alwasa a 1805, kafin a ci Alƙalawa a 1808. Waɗannan shekaru ne na yunwa da cuta da tafiyar ƙasa. Mata ne suka ɗauki yara da marasa lafiya, ana kuma jigilar littattafan Shehu daga zango zuwa zango. Wanda duk ya zana Asma'u a kan kilishi mai laushi tun daga farko ya tsallake wannan babi. Ita 'yar gudun hijira ce kafin ta zama 'yar gidan mulki.

A gidan Waziri

Wajen shekarar 1807 aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Bayan rasuwar Shehu a 1817, Bello ya zama Sarkin Musulmi, gidan Giɗaɗo kuwa ya zama cibiyar wasiƙu da baƙi da manzanni daga sassan daula. Baturen nan ɗan yawon bincike, Kilafatin, da ya zo Sakkwato a 1824 ya kuma dawo a 1826, a hannun Giɗaɗo ya sauka. Bahaushe da Bafillace da Buzu da Balarabe duk suna ratsa zauren wannan gida, kowa da harshensa.

Asma'u ta haifa wa Giɗaɗo 'ya'ya maza, ɗaya daga cikinsu, Abdulƙadir, ya gaji mahaifinsa a wazirci, kuma daga wannan zuriya ne aka samu Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997. Tare da hidimar gida ta ɗauki wani nauyi da ba a cika ambatonsa ba, wato tattarawa da tsara rubuce-rubucen mahaifinta, waɗanda yaƙi da ƙaura suka warwatsa. Aiki ne da ke buƙatar wanda ya san hannun rubutun Shehu, ya san harsunan da ya yi amfani da su, ya kuma iya bambance ingantaccen kwafi da gurɓatacce. A yau da za mu kira mai irin wannan aiki masanin kundaye.

Littafinta na farko da aka sani, Tanbihul Gafilin, ta rubuta shi da Larabci a 1820, tana da shekara ashirin da bakwai. Daga nan ba ta ajiye alƙalami ba har fiye da shekara arba'in. Ta ga zamanin shugabanni biyar: mahaifinta, da 'yan'uwanta Bello da Abubakar Atiku, da Aliyu Babba ɗan Bello, da Ahmadu ɗan Atiku. Abin da ya rage na ayyukanta ya kai kimanin sittin, akasarinsu waƙoƙi.

Harsuna uku, jama'a uku

A nan ne mai nazarin harshe zai tsaya ya yi dogon tunani. Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ana kuma ruwaito cewa tana jin harshen Buzaye. Abin lura shi ne, ba da ka take zaɓar harshe ba. Larabci shi ne harshen da take fuskantar malamai da shi, na gida da na nesa. Da shi ta rubuta Tabshirul Ikhwan a 1839, a kan neman waraka da ayoyin Alƙur'ani da addu'o'in Annabi, da shi kuma ta yi wa wani malami ɗan Shinƙiɗi, wato ƙasar Muritaniya ta yau, waƙar maraba lokacin da ya ratso Sakkwato. Fulatanci shi ne harshen cikin gida, harshen zuciya, kuma da shi ta yi mafi yawan marsiyoyinta, har da wadda ta yi wa Bello bayan rasuwarsa a Wurno a 1837. Hausa kuwa ita ce harshen mafi yawan talakawan daula, manoma da masaƙa da mata a ƙauyuka da bayi da waɗanda aka kamo a yaƙi.

Dubi yadda ta yi da waƙar da ake kira Sunago. A cikin baitoci kimanin talatin ta jero sunayen surori 114 na Alƙur'ani, domin mai koyo ya riƙe su a ka cikin sauƙi. Ta fara yin ta da Fulatanci, ta mayar da ita Hausa, daga baya kuma aka samu ta Larabci. Saƙo ɗaya, tufafi uku, domin kada wani ya ce ba da shi ake ba. Haka kuma ita ce ta fassara waƙar mahaifinta daga Fulatanci zuwa Hausa, wadda ta shahara da sunan Tabbat Haƙiƙa, ƙanenta Isa ɗan Shehu kuma ya yi mata tahamisi. Waƙa ce mai gargaɗi ga masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa a kan zalunci. Mayar da irin wannan waƙa zuwa harshen talakawa a 1831, lokacin da ɗan'uwanta ke kan karagar mulki, daidai yake da miƙa wa talaka ma'aunin da zai auna hakiminsa da shi.

Duk wanda ya taɓa gwada fassarar waƙa ya san wahalar abin. Fulatanci da Hausa ba dangin juna ba ne ko kaɗan. Fulatanci na cikin dangin harsunan Neja-Kongo, yana da rukunan suna fiye da ashirin, kuma baƙin farkon kalma kan sauya idan an jam'inta ta. Hausa kuwa 'yar dangin Cadi ce, tana rarrabe namiji da mace, tana kuma dogara da karin sauti da tsawon wasali. Ɗauko ma'ana daga wancan zuwa wannan, a zuba ta cikin karin waƙa irin na Larabci, a tsare amsa-amo daga farko har ƙarshe, sannan a rubuta da ajami wanda ba ya nuna karin sauti, aiki ne na gwani. Ta yi hakan ne da sanin cewa mafi yawan masu karɓar saƙon ba za su taɓa riƙe takardar ba. Da kunne za su ji, su haddace, su rera a bakin turmi da wajen kaɗi. Saboda haka waƙoƙinta na Hausa irin su Godaben Gaskiya suka zo da kalmomi na yau da kullum da misalai daga abin da mace ke gani a tsakar gidanta.

Malfa da jan rawani

Yaƙe-yaƙen jihadi sun bar baya da ƙura. An samu zawarawa da marayu masu yawa, an kuma kwaso mata daga Gobir da Kabi da Zamfara a matsayin ganima, aka shigar da su gidajen sababbin masu mulki. Wannan ɓangare ne na tarihin da bai kamata mu rufe ido a kansa ba, domin daular da Asma'u ta yi wa hidima daula ce mai bayi, kamar sauran dauloli na zamaninta. Yawancin waɗannan mata sun taso ne cikin bori, wanda a Gobir yake da shugaba mace mai ƙarfin faɗa a ji, wato Inna, 'yar gidan sarauta. Idan ciwo ya zo, ko haihuwa ta yi gardama, ko hankali ya tashi, wurin 'yan bori suka saba zuwa.

Ana iya fuskantar irin wannan hali da bulala da doka. Asma'u ta bi wata hanyar. A cikin shekarun 1830 ta kafa tsarin da aka sani da 'Yan Taru. Ta zaɓi dattawan mata masu hankali da riƙon amana daga ƙauyuka, ta koyar da su, ta naɗa kowace a matsayin jaji, wato jagorar ayari. Jaji kan taho Sakkwato da tawagarta, akasari tsofaffin da suka wuce haihuwa da 'yan matan da ba su isa aure ba, domin su ne za su iya barin gida su yi tafiyar kwanaki a ƙasa. Su zauna gaban Asma'u su karɓi karatu, su haddace waƙoƙi a kan tsarki da salla da azumi da tarihin Annabi da haƙƙin maƙwabci, sannan su koma su koyar da matan aure a cikin gidajensu. Sukan zo da sadakar hatsi da man shanu da zuma da sawaye, ita kuma ta raba wa mabuƙata.

Alamar da ta bai wa kowace jaji ita ce malfa, aka kuma naɗa mata jan rawani a kai. Malfa na cikin kayan da aka san Innar Gobir da su. Asma'u ta ɗauki abin da matan ƙasar suka riga suka sani a matsayin alamar mace mai iko, ta ɗora shi a kan malama. Yarinyar da ta ga an hana iyayenta mayafi a zamanin Nafata ta girma ta gane cewa ana karanta sutura kamar yadda ake karanta takarda. Macen ƙauye da ta hango mai malfa tafe ba ta buƙatar a yi mata bayani, ta san wannan mai magana ce da za a saurara. Idan ana neman hoto guda da ya taƙaita hikimar Nana Asma'u, to wannan ne, kuma ita da kanta ta tsara shi.

Matan da ta zana da alƙalami

Masu zanen zamani suna cewa burinsu shi ne su fito da matan da tarihi ya manta. Asma'u ta riga su da kusan shekara 190. Bello ya rubuta wani littafi da Larabci a kan salihan mata, ya nemi ta mayar da shi waƙa. Ta yi shi da Fulatanci a 1836, ta kuma yi shi da Hausa a 1837 da sunan Tawassuli Ga Mata Masu Albarka. A ciki ta ambaci matan Annabi da 'ya'yansa, ta ambaci waliyyai irin su Rabi'atul Adawiyya ta Basra, sannan ta zo da matan jama'arta, irin su Joɗa Kawuri da 'Yar Hindu da Habiba, malaman da suka koyar a garuruwan da masu sauraro suka sani, ta jera su a sahu ɗaya da waɗancan. Ma'anar wannan ga macen da ke sauraro a wani ƙauye a bayan Wurno ita ce, albarka ba ta ƙare a Makka da Bagadaza ba, ana iya samun ta a unguwarku, a jikin mace mai irin fatarki da irin harshenki.

Marsiyoyinta sun fi wannan ma ban mamaki. Ta yi wa manya, ba shakka, irin su Bello da mijinta Giɗaɗo da aminiyarta A'ishatu matar Bello. Amma ta yi wa Halima, maƙwabciyarta, wadda abin da aka san ta da shi shi ne kirki da sada zumunci. Ta yi wa Zaharatu, wadda ke zuwa wurin mata masu naƙuda da wankan gawa ba dare ba rana. Ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajinta, wadda ta yi shekaru tana kai da kawo da ayarin ɗalibai. A cikin adabin da aka saba yabon sarakuna da mayaƙa, ga 'yar Shehu, matar Waziri, tana kashe tawada da takarda, wadda a lokacin kaya ce mai tsada da ake kawowa ta hamada, a kan ungozoma. Ko a marsiyar Bello ma, halinsa na tausayi da adalci da son ilimi ta fi tsayawa a kai fiye da yaƙe-yaƙensa. Abin lura kuma, ba ta damu da siffanta fuska ko tsawo ko launin kowa ba. Da aikinsu ta zana su.

Akwai misali daga wata nahiya da zai ƙara haska wannan batu. Shekara ashirin kafin haihuwar Asma'u, wato a 1773, aka buga littafin waƙoƙin Filis Witli a Landan. Ita 'yar Afirka ta Yamma ce da aka sace tana yarinya aka sayar a Boston ta Amurka. Kafin a yarda cewa baƙar mace za ta iya rubuta waƙa, sai da manyan mutanen Boston goma sha takwas suka sa hannu a takardar shaida, aka kuma manna zanenta a farkon littafin tana riƙe da alƙalami. A can, zane hujja ce ga masu shakkar cewa baƙar fata na da basira, kuma daga wannan rauni ne al'adar zana fitattun mata baƙaƙe ta samo tushe. Asma'u ba ta taɓa buƙatar irin wannan shaida ba. Malaman zamaninta sun san ta, suna yi mata wasiƙa, suna kwafar ayyukanta, takan kuma rufe waƙa da ramzin shekarar da ta yi ta kamar kowane malami. Saboda haka idan muka aro al'adar zane daga waje, ya kamata mu san cewa ciwonmu daban ne. Mu ba a ce mana matanmu ba su iya ba. Mu ne muka yi sakaci da abin da suka bari.

Ta rasu a 1864 tana da shekara saba'in da ɗaya, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbaren Shehu da ke Sakkwato. Ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da jagorancin 'Yan Taru, tsarin kuma ya rayu har cikin zamanin Turawa da bayansa. Takardunta sun tsira ne a gidan Waziri Junaidu, inda Jean Boyd ta yi shekaru tana nazarinsu, ta fitar da tarihin rayuwarta a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta a Amurka a 1997. Har a birnin Pittsburgh an samu Musulmi baƙar fata da suka kafa ƙungiyar mata da sunan 'Yan Taru. Abin takaici shi ne, ɗalibi a Amurka ya fi ɗalibar sakandare a Dutsin-ma sauƙin samun waƙoƙin Asma'u, ko da kuwa da Hausa aka rubuta su tun asali.

Daga Sakkwato zuwa ƙasar Ruma

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan mutumin yammacin Katsina da wannan dogon labari? Ruwansa da yawa. A zamanin Asma'u, ƙasar Ruma, wato yankin Batsari na yau da maƙwabtansa, bakin daga ce tsakanin masarautar Katsina da Ummarun Dallaje ya karɓi tutarta da kuma Katsinawan da suka koma Maraɗi. A yaƙin Gawakuke na 1836, wanda Asma'u ta yi wa waƙa daga baya, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda duk sun rasa rayukansu. Mutanen wannan yanki sun san hari da ƙaura tun kakanni.

A zamaninmu ma tarihi ya so ya maimaita kansa. Garuruwan da ke gefen dajin Rugu, daga Batsari zuwa Runka da Tsaskiya a ƙasar Safana, sun sha fama da hare-haren 'yan bindiga da satar mutane da shanu. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutane kimanin talatin a ƙauyukan Tsauwa da Ɗankar na Batsari. A watan Disamba na shekarar aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, a Fabrairun 2021 kuma aka sace 'yan mata 279 a Jangebe ta Zamfara. Duk lokacin da aka rufe makaranta saboda tsoro, yaro namiji kan samu wata hanyar, ko a tura shi birni wurin dangi. Yarinya kuwa sau da yawa daga nan karatunta ya ƙare ke nan. Bugu da ƙari, rikicin ya shuka wata muguwar gaba tsakanin Bahaushe manomi da Bafillace makiyayi, mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru suna auratayya da cin kasuwa ɗaya, har ta kai wasu matasa a intanet suna jifan juna da tarihin jihadi kamar jiya aka yi shi.

A irin wannan yanayi ne rayuwar Nana Asma'u ke da abin faɗa. Bafillatana ce ta asali, 'yar gidan da ya ci yaƙi, amma ta ga cewa nasarar takobi ba ta haɗa al'umma. Ta koyi yi wa waɗanda aka ci da yaƙi magana da harshensu, ta girmama alamar da suka sani, ta rubuta sunayen matansu. Ba ta jira an gama yaƙi kafin ta fara koyarwa ba, domin har ta rasu ba a daina kai hari a iyakokin daula ba. Kuma da ta ga ɗaliba ba za ta iya zuwa makaranta ba, sai ta aika makaranta wurin ɗaliba. Tsarin jaji bai buƙaci gini ko kwangila ba. Abin da ya buƙata shi ne mace amintacciya daga cikin garin, da darasi a harshen da ake ji, da wata cibiya da ke kula da ingancin abin da ake koyarwa. A kowane gari na Batsari da Safana akwai malamai mata da suka yi ritaya, da matan da suka sauke Alƙur'ani, da ungozomomi, da 'yan matan da suka gama sakandare suna zaune. Hukumar ilimin manya ta jiha da ƙungiyoyin mata Musulmi da masarauta za su iya tsara su, su koyar da karatu da rubutu na boko da ajami da lissafi da kiwon lafiya a cikin gidaje, kafin ranar da kowace makaranta za ta zauna da gindinta. Jami'o'inmu na Katsina da Dutsin-ma da Sakkwato kuwa, bashi ne a kansu su fitar da waƙoƙin Asma'u na Hausa a ƙananan littattafai masu araha, da ajami da boko gefe da gefe.

Ga masu zane kuma, 'ya'yanmu masu basira da ke Kano da Zariya da Katsina, ba na cewa ku ajiye burushi. Ina dai roƙon ku da ku karanta kafin ku zana. Fuskar da ba wanda ya adana mana, kada ku ɓata lokaci wajen ƙirƙiro ta daga fuskokin taurarin fim. Ku zana ayarin mata a kan hanyar Sakkwato da ƙafafu masu ƙura, tsohuwa a gaba da malfa da jan rawani, yarinya a baya da ƙwaryar man shanu. Ku zana hannu baƙi riƙe da alƙalamin kara a kan takardar ajami. Ku zana Zaharatu tana fita da dare zuwa gidan mai naƙuda. Yarinyar Tsaskiya da ta ga wannan za ta gane kakarta a ciki, ta gane hanyar garinsu, wataƙila ma ta gane kanta.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u da iyayenta da malamanta da jajinta, ya ba ƙasarmu zaman lafiya mai ɗorewa, ya kuma ba mu ikon kai ilimi inda 'ya'yanmu mata suke. Amin.